Tafinta a Ƙarƙashin Tebur

Jama'a, kafin in fara sai kun yi mini alƙawarin ba za ku yi mini dariya ba. To, na san ƙarya ne, za ku yi. Ni ma da wata ce abin ya sama, da har yanzu ina riƙe da ciki.

Ga wanda yau ya fara bin labarina: a gida Adawiyya ake ce mini, a takarda kuma Rabi'atu. Malama Rabi ke nan, mai koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata a nan Kankia. Shekarata ashirin da shida, lambar da Gwaggona ke faɗa kamar sunan wata cuta. Masoyina Salman ne, ɗan Bauranya ta ƙasar Kusada, mai haɗa sola. Shi aka ɗauko ya kafa mana sola a rufin aji, ya sauko daga tsani ya taka mini taswirar Afirka da takalminsa, na wanke shi tas. Daga faɗa aka koma gaisuwa, daga gaisuwa kuma, kun dai gane.

Wata goma sha ɗaya yana zuwa zance, har kajin gidanmu sun san ƙarar mashin ɗinsa. Ranar wata Juma'a Baba ya kira ni bayan ya dawo masallaci, bai ko cire hula ba.

"Ki faɗa ma yaron nan, ƙarshen watan ga nike jira. In manyanshi sun zo, madalla. In ba su zo ba, ya ɗauke mashin ɗinshi daga ƙofar gidana. Ni ba tasha na buɗe ba."

Ba Salman ke wasa ba, wallahi. Matsalar Baffa ce, mahaifinsa. Sunan nan sau ɗaya za ku gan shi a labarin nan, shi ma ƙanwata Ummi na miƙa wa wayar ta danna mini, don ni yatsana ba zai iya ba: Malam Bubayero. Dattijon Bafulatani ne, yana noma yana kiwo. Salman shi ne ɗansa na fari, don haka ko sunansa ba ya kira, balle su zauna su yi maganar aure. Komai ta bakin ƙanensa Kawu Mamuda yake bi. Kuma abin da Kawu Mamuda ya kawo daga bakin Baffa guda ɗaya ne: "Malamar boko, wadda ta saba tsayuwa gaban mutane tana ɗaga murya, anya tana da kunyar zaman gidanmu?" Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai ajiye mu a rana kamar shanyar kuɓewa.

Ana cikin haka aikin makaranta ya zo ya ƙara gishiri.

Tun farkon zango, duk Laraba da ƙarfe goma, ajina yake haɗuwa da wani aji a ƙasar Kenya ta bidiyo. Mu haska majigi a bango, su gan mu, mu gan su. Malamarsu Madam Naseriyan, doguwa mai wushirya, yawancin ɗalibanta 'ya'yan makiyaya ne. Darasinmu na bana ruwan sama ne da sauyin yanayi. Kowane aji ya yanke kan gorar roba ya manna mata rula ya ajiye a fili, duk mako a faɗa wa juna ruwan da aka samu. Ranar da ɗalibaina suka gano cewa can ma kukan ɗaya ne, ruwa ya ƙi zuwa da wuri, in ya tashi zuwa kuma ya zubo gaba ɗaya ya kwashe shuka, sai suka kalli juna. Wata ta ce, "Malama, ashe ba mu kaɗai ba ne." Wannan kalmar kaɗai ta biya ni duk wahalar neman sabis da nake yi ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Sai Madam Naseriyan ta kawo shawara: kowane aji ya gayyato tsoho ya ba da labarin damunar da da ta yanzu. Su suka fara, suka kawo wata tsohuwa wuyanta fal duwatsun ado, ta yi bayani har da waƙa. Saura mu.

Ranar Litinin shugabar makarantarmu, Hajiya Amatullah, ta tare ni a baranda tana murna.

"Malama Rabi, na samo maki tsoho na gani na faɗa! Maigidana ya san shi a kasuwar shanu. An ce babu damunar da bai riƙe ba a kanshi, shekara arba'in. Daga Bauranya zai zo. Ke za ki yi mashi tafinta."

Da ta faɗi sunan, alli ya suɓuce daga hannuna ya kare biyu.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Allin ne ba ya da ƙwari."

Ina shiga ofishin malamai na ciro waya.

"Salman. Ka san wa zai zo ajina jibi?"

"Na sani. Yanzu Kawu ya faɗa mani. Ni aka ce in kai shi."

"Kuma kana numfashi?"

"Da ƙyar."

"Ya san ni ce?"

"Bai sani ba. Shi Adawiyya ya sani, an ce mashi Malama Rabi. Malamai nawa ne a Kankia? Ki kwantar da hankalinki."

"Kai za ka zauna a ajin?"

"Ni? Gaban Baffa? Batir na buƙatar gadi a waje."

Kun ji namiji. Ranar wanka ya bar ni da cibiyata.

A gida kuwa majalisa aka kafa. Gwaggo, yayar Baba, ta zo karɓar tsakin kaji ta tarar da labari, ta fasa tafiya. Ta zauna bakin rijiya ta tafa hannu.

"Yo mi ya yi saura? Ki zauna kusa da uban miji kina zuba Turanci kamar rediyo? Mutumin da dama abin da yake tsoro ke nan? Ki ce zazzaɓi ya kama ki. Ni zan je in shaida."

"Gwaggo, yara wata guda suna shirya tambayoyi. Babu mai yi in ba ni ba."

"To ki auri tambayoyin."

Mama ta gama yanka alayyahu. Ita uwarta Bafulatanar garin Ƙofa ce, ta san mutanen nan ciki da bai. Ta goge wuƙa ta dube ni.

"Bai san fuskarki ba, bai san sunan ba. Ki je ki yi aikinki. Ki yi mashi yadda za ki yi ma kowane tsoho: gaisuwa, aiki, sallama. Kada ki rage ladabi, kada kuma ki ƙara. In kika ƙara, ke kika tona kanki."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Allah sarki ni.

Ranar Laraba, kwana biyu ya rage wata ya ƙare. Tun da sassafe na zazzage akwati a kan gado. Leshi ya yi ƙyalli da yawa. Doguwar rigar nan mai duwatsu, Ummi ta ce kamar zan je kamu. Na ƙare a atamfa mai ruwan ganye, ɗinkin riga da zani na mutunci, na ɗora hijabi ruwan toka mai sharar ƙasa. Ba kwalli, ba hoda, turare ma fesa ɗaya na yi na ji kamar na yi laifi. Lallen da ke yatsuna ne kawai ya ƙi ɓoyuwa. Na tsaya gaban madubi na gwada: "Sannu da zuwa, Malam." Murya daidai, ba rawa. Na ba kaina maki goma.

Goma saura kwata komai ya kammala. Ɗalibai arba'in da biyu sun zauna da littattafai, majigi na haske, an ajiye kujeru biyu gefe da gefe a bayan tebur, daidai saitin kyamara. Hadari ya ɗan haɗo ta gabas. Sai na ji ƙarar mashin ɗin da ko a mafarki na san shi.

Hajiya Amatullah ce ta shigo da shi. Dogo, siriri, fari, da rawani mai tsafta da riga shuɗiya wadda ta sha wanki, sandarsa a hannu. Hancin Salman sak. Ɗalibai suka miƙe suka gaishe shi. Ni kuma da na shirya ɗan russunawa irin ta ma'aikata, ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba.

"Ina kwana, Baffa."

Baffa! Wa ya aike ni? Malam na shirya, Baffa ya fito.

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina gajiya?" Ya dube ni da fara'a, ya zauna a kujerarsa. Bai lura ba. Na ce Alhamdulillahi, an tsallake ɗaya.

Hajiya ta nuna mini kujera ta biyu. Na dubi kujerar nan. Kafaɗa da kafaɗa da shi, tsayi ɗaya, har hijabina zai iya taɓa rigarsa. Ƙwaƙwalwata ta ce zauna, maganar Mama ta ce zauna, jikina ya ce wallahi ba da ni ba. Sai ga ni a ƙasa dirshan a gefen tebur, makirfo a hannu. Takalmana ma, waɗanda ban taɓa cirewa a aji ba, ban san sanda na bar su can bakin allo ba.

Bango ya haska, ajin Kenya ya bayyana, yara suna ɗaga hannu suna ihu. Madam Naseriyan ta matso da fuska tana leƙe.

"Rabi, ina kika shiga? Muna ganin baƙonmu, ke kuma ƙoƙon kanki kawai muke gani."

Na ce mata da Turanci a nan sabis ya fi ƙarfi. Allah ya yafe mini.

"To, gabatar mana da shi. Yara za su rubuta sunansa."

"Wannan babanmu ne daga Bauranya. Manomi ne, makiyayi."

"Madalla. Sunansa fa?"

Na buɗe baki. Jama'a, na rantse na buɗe baki. Sunan ya ƙi fitowa. Yaran Kenya talatin sun ɗaga biro suna jira. Nawa arba'in da biyu sun zuba mini ido. Har ƙarar fankar majigi ake ji.

"Malama Rabi," Hajiya ta ce ƙasa-ƙasa, "sunanshi suke tambaya."

"Na ji, Hajiya."

"To faɗi mana."

Daga layin gaba sai Ilham, ɗalibata mai kan ƙwarai da bakin tsiya, wadda ta daɗe tana lura da yadda solarmu ke yawan lalacewa ba dalili, ta yi raɗar da har bayan aji an ji: "Malama ba ta iya faɗin shi." Wani ƙus-ƙus ya zagaya ajin, 'yan mata suka fara cusa fuska cikin hijabi.

Baffa ba ya jin Turanci, amma ya san shiru. Ya ce, "Mi suka ce ne?"

Hajiya, baiwar Allah da ba ta san dawan garin ba, ta ce, "Sunanka suke so, Malam, ita kuma ta tsaya."

Ban ɗaga kai ba, amma ta gefen ido na ga komai. Ya dubi kujerar da ba kowa a kanta. Ya dubi takalman da ke bakin allo. Ya dube ni a ƙasa. Sannan ya juya ya leƙa taga, inda wani bawan Allah ke tsugune gaban batir yana gadinsa kamar za a sace. Ya daɗe yana kallon tagar nan. Sai ya kama kujerarsa da hannu biyu, ya juya ta a hankali har ya ba ni baya, ya ja gefen rawani ya rufe bakinsa. Ya faɗi sunansa da kansa, yana fuskantar bango.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi ke nan, na ce a raina, Adawiyya kin kashe aurenki da hannunki.

Amma yara na jira. Haka aka yi darasin: ajin Kenya na kallon tsoho a karkace, rabin fuska a rufe, da wata murya da ke fitowa daga ƙarƙashin tebur. Madam Naseriyan ta ɗauka tsarinmu ne na girmama manya, har tana yabawa.

Da ya fara magana kuwa, kowa ya manta da ni. Ya ba su labarin tafkin da suke shayar da shanu yana yaro, wanda ruwansa ke kaiwa har bazara, yanzu kuma tun ana sussukar gero yake zama taɓo. Ya faɗi yadda burtali ya tsuke, gona ta ci nan ta ci can, har saniya ba ta wucewa sai ta taɓa amfanin wani. Ya ce, "Da, in shamuwa ta iso, ka gyara iri, ruwa na bayanta. Yanzu shamuwa na zuwa ta hau itace ta yi ta jira, kamar mu." Da na juya wannan, na ga yaran can suna rubutu da sauri, wata ma ta ce a maimaita mata.

Sai ruwa ya sauko. Rufin kwano, kun san yadda yake. Madam Naseriyan ta kama kunne tana cewa ba sa ji. Ga zaɓi biyu a gabana: in ci gaba da 'yar muryar amare darasi ya mutu, ko in saki muryar da Baffa ya ce yana tsoro. Na dubi ɗalibaina da tambayoyinsu na wata guda. Na ce tunda an riga an jiƙe, mene ne na gudun yayyafi. Na saki murya, irin wadda ake ji har ofishin Hajiya. Daga ƙarƙashin tebur, amma na saki.

Wani yaro a can ya miƙe ya tambaya, da zuciya ɗaya: shanunsa nawa ne? Ɗalibaina suka ja numfashi tare. Ban juya tambayar ba. Na ce wa yaron a wurinmu ba a tambayar makiyayi adadin dukiyarsa, shi ma ba ya faɗa. Sai wata yarinya a bayansa ta fashe da dariya, ta ce kakanta ma da sanda zai bi ka in ka yi masa wannan tambayar.

"Mi ya faru?" Baffa ya tambayi bango.

Ni ma na amsa wa ƙafar tebur. "Sun tambayi abin da ba a tambaya, na faɗa masu. Wata ta ce kakanta ma haka yake, har duka yake yi."

Kafaɗunsa suka girgiza. "Ashe akwai mutane a can."

Tambaya ta ƙarshe ita ta ƙarasa ni. Yarinyar nan ce dai ta ce, wa zai karɓi kiwon bayansa? Na juya masa.

"Akwai wani," ya ce, "da ya aje sanda ya kama igiyar lantarki. Na daɗe ina cewa ya ɓata. To amma in igiyar tashi ce ta kai ni wata ƙasa ina zaune Kankia, ban sani ba kuma. Allah shi ya san daidai."

Mutumin da bai taɓa yabon ɗansa ba ko a bayan ido. Kuma ni aka ɗora wa in faɗa wa duniya. Na faɗa, hawaye na ɗiga a kan makirfo.

Aka yi tafi can, aka yi tafi nan, bango ya mutu. Hajiya ta sa aka kawo tire: ruwan sanyi, lemo, da farantin dambun nama. Ya ɗaga hannu ya ce Alhamdulillahi. Ta roƙa, ko ruwa ne ya kurɓa, ya yi magana awa guda. Ya ƙi. Ya yi wa Hajiya godiya, ya sa wa ɗalibai albarka, ya ɗauki sandarsa ya fita. Ni ko kallo. Ko "sai an jima" ban samu ba.

Na tura wa Salman saƙo uku, ba amsa. Da aka tashi na hau adaidaita ina kuka a cikin hijabi, mai tuƙi na tambaya ko rasuwa aka yi.

Bayan la'asar na zauna tsakar gida na zayyana musu komai. Gwaggo, wadda ta dawo musamman don jin sakamako, ta riƙe haɓa.

"Ba na faɗa ba? Ga shi nan, ta yi mashi ihu a ka, ya juya mata ƙeya. Sai ki fara neman wani."

Mama tana tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba.

"Bayan ya gane ki, ya sake kallon ki?"

"Ko sau ɗaya."

"Ya yi maki magana kai tsaye?"

"Da bango yake magana, Mama."

"Da zai tafi ya yi maki sallama?"

"Kowa ya yi mawa ban da ni."

"An kawo ruwa?"

"Har da lemo da dambu."

"Ya sha?"

"Ko taɓa kofin bai yi ba." Na sake fashewa da kuka.

Mama ta ajiye faifai. Ta miƙe ta kakkaɓe zani.

"Ummi! Ɗauki tsintsiya ki share zaure. Ki fiddo sabuwar tabarmar nan ta bayan ƙofa."

"Mama, mi kike yi?"

"Ke dai an yi sakarya mai digiri. Da bai karɓe ki ba, ai da ya dube ki tsakiyar ido ya shanye lemonshi, ya ce sannu 'yan mata, Allah ya yi albarka, ya yi gaba. Wa zai ji kunyar ɗiyar wasu? A ina kika taɓa ganin Bafulatani ya sa abu a baki gaban surukarshi?"

Gwaggo ta sauke hannu daga haɓa. Ni kuma kukan ya tsaya mini a rabi, ban san inda zan kai sauran ba.

Wayata ta yi ƙarar shigowar saƙo a cinyata. Salman.

"Tun da muka dawo bai ce mani komai ba. Ya kira Kawu Mamuda sun shiga ɗaki."

"Sai me?"

"Kawu ya fito ya sa babbar riga ya karɓi makullin mashin ɗina."

"Ina za shi? Mi aka ce ya faɗa?"

"Wallahi ban sani ba. Ya kusa awa da tafiya."

Ban gama karantawa ba na ji ƙarar a bakin layi, tana matsowa, ta zo daidai ƙofar gidanmu ta mutu. Ummi ta tsaya da tsintsiya a sama. Wata murya da ban taɓa ji ba, ta dattijo, ta yi sallama a zaure.

Daga ɗakinsa Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Wa alaikumus salam. Wane ne?"

Mama ta dube ni, da jajayen idanuna da bakina a buɗe, ta nuna mini ɗaki da yatsa.

"Tashi ki ɓace mani daga nan. Yau dai ki yi kunyar a inda ake yin ta."